Shekarar da Ruwa Ya Zo Ba Algaita

Garinmu yana bakin Komadugu, can wajen Gagamari, tafiyar hantsi daga Diffa idan mutum yana da ƙafa. Kogin namu ba ya shekara da mu. Da bazara yakan ƙafe ƙurmus, jakuna su ƙetara Najeriya ba su jiƙa kofato ba, mata su tona rairayi su kwashi ɗan abin da ya tsatso. Sai damina ta yi nisa yake dawowa daga yamma, a hankali, yana turo kumfa da karmami a gabansa. Labarinsa kan riga shi isowa. Wani zai sauko daga motar Maine ya ce ruwa ya wuce gari kaza, jibi yana nan. Daga ranar babu mai zama lafiya a gida, domin tattasan da muke ci da shi, muke sutura da shi, a bakin ruwan nan yake.

Ranar isowarsa gari duka kan fita. Tsofaffin mata su zo da ƙwaryar nono da ɗan gumba su zuba a gaban ruwan, liman ya yi addu'a, yara su bi kumfa da gudu. Wanda yake gaba kuwa kawuna ne, wan mahaifiyata, da algaitarsa. Ya gaje ta wurin ubansa. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, idan ya cika kumatunsa da iska sai fuskarsa ta koma kamar tulu, mu yara mu yi ta dariya, shi kuma ya harare mu da ido ɗaya bai daina busa ba. Manomi ne kamar kowa, yana da garkarsa ta tattasai, kuma ban taɓa ganin rana ta faɗi bai yi sallolinsa ba. Busa dai ita ce ransa. Ba a aure, ba a suna, ba a naɗin bulama, wato mai gari, sai da shi.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, saboda haka Kawu ne ya riƙe mu, ni da yayana. Yaya ya girme ni da shekara shida. Ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Shiru-shiru ne, mai zuciya a ciki. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ya faɗi jarrabawar shiga kwalej sau biyu, ya koma garka yana kula da injin ban ruwa na Kawu. Ni na ci jarrabawar da ya faɗi. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, shi ne ma ya ɗauki akwatina a ka ya kai ni Diffa gidan da zan zauna. A shekarar ya ƙetare kogi neman karatun addini, ya yi shekara guda ba mu gan shi ba.

Da ya dawo, ba shi kaɗai ya dawo ba. Su bakwai ne, da malaminsu, wani saurayi dogo mai sanyin murya wanda ba ya kallon mutum a ido. Kowannensu yana ɗaure da koren ƙyalle a ƙugu, yana riƙe da gora. Su suna da sunan da suke kiran kansu, mu dai masu ɗamara muke ce musu. Suka kafa rumfa a bayan gari. Da asuba bayan salla sai su jeru sahu-sahu suna motsa jiki kamar soja. Suna da manya da ƙanana, kowa da matsayinsa, kuma an ce duk mai shiga sai ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai bi umarni ko da a kan uwarsa ne.

Ba zan yi musu ƙarya ba, da alheri suka fara. Shekarar da ciwon amai da zawo ya shigo mana, mutane suna gudun gawar ƴan'uwansu, su ne suka riƙa ɗaukar marasa lafiya a amalanke zuwa likita, su wanke mamata, su haƙa kabari. Sun gyara rijiyar masallaci da ta rufta. Sun hana samari shan ƙwaya a bakin kasuwa. Inna takan zauna a tsakar gida tana tsince tattasai tana cewa, "Allah ya shirya mini yaron nan, ban san da wane baki zan gode ba." Kafin shekara ta zagayo sun fi talatin, yawancinsu ƴaƴan gari, waɗanda ba su da garkar kansu, ba su da abin aure.

Ina zuwa gida ne lokacin hutu kawai, shi ya sa nake ganin canjin a dunƙule. Hutun farko na tarar ana rufe kasuwa da an kira salla, wanda ya yi nawa gora ta sauka a rumfarsa. Babu wanda ya yi gardama, wa zai ce kada a yi salla? Hutu na biyu na tarar mata sun daina waƙa wurin tsinkar tattasai. A da idan muka shiga garka mu ashirin, ɗaya ta ɗauko baiti sauran su amsa, har rana ta take ba mu sani ba. Yanzu sai ƙarar tattasai yana faɗawa cikin buhu, da mai ɗamara guda a tsaye kan gaɓa yana kallon sama. Hutu na uku na ga da idona sun tare wata tsohuwa makwabciyarmu, suka yanke layar da ke wuyan jikarta, suka farke ta a gaban mutane. Tsohuwar tana ta cewa ayoyi ne a ciki, su karanta su gani. Ba su karanta ba. Tsohon limaminmu ma suka daina bin sa salla, suka ce karatunsa na gado ne.

Sai aka zo kan ruwa.

Hutun damina ne, ina aji uku na kwalej. Labari ya zo ruwa yana nan gobe ko jibi. Da hantsi ina gidan Kawu ina taya matarsa surfe, shi yana zaune a zaure yana gyara bakin algaita da ƴar wuƙa, sai ga Yaya ya yi sallama. Ya ajiye gorarsa a waje, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ta tagar zana nake jin su.

"Kawu, aiko ni aka yi."

"To, ɗana, faɗi."

"Malam ya ce bana ba za a tarbi ruwa ba. Ba nono, ba gumba, ba busa. Ya ce shirka ce."

Kawu ya ci gaba da feƙe bakin algaitar. Can ya ce, "Wa ya aiko ruwan?"

"Allah."

"To ni ma abin da na sani ke nan. Idan baƙo ya zo daga wurin Allah, ba a yi masa maraba?"

"Kawu, ba gardama na zo yi ba. Don Allah ka zauna gida. Kwana ɗaya ne. Ka ce ba ka da lafiya."

"Lafiyata ƙalau. In yi ƙarya don in gyara addinina?" Ya yi ƴar dariya. "Kai, da wannan busar aka ɗaura auren uwarka. Da ita aka raɗa maka suna. Ranar da aka yi maka kaciya kana kuka, me na busa maka ka yi shiru?"

Da Yaya ya tashi fita na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Yaya, ba dai za ku taɓa shi ba ko?" Ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce in koma ciki in rufe kaina da kyau.

Washegari bayan azahar aka ce ga ruwa nan. Mutanen da suka fita ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na yadda aka saba ba. Tsohon liman ya aiko cewa ƙafarsa na ciwo. Bulama ya tafi Diffa tun da safe, wai an kira shi buro, ofishin hukuma. Kawu ya sa babbar rigarsa shuɗiya ya wuce gaba, tsofaffin mata biyar a bayansa, Inna a cikinsu da ƙwaryarta, sai mu tsirarun da muka biyo daga nesa. Sauran gari suna leƙe ta bayan darni.

Mun tarar da masu ɗamara sun riga mu. Sun jeru a kan gaɓa sahu biyu, malaminsu a tsakiya. Kawu bai ko dube su ba. Ya sauka cikin rairayin kogi, ya fuskanci yamma, ya cika kumatu ya fara busa. Bai yi nisa ba malamin ya ɗaga hannu, mutum huɗu suka sauka suka riƙe shi. Wani ya doke ƙoren matan, nono ya malale a ƙasa. Malamin ya yi magana mai tsawo, da sanyin muryar nan tasa, ya ce mutanen garin nan sun daɗe cikin duhu, yau za a yanke abin daga tushe. Sannan ya juya ya kira Yaya.

"Kawunka ne. Kai ya kamata ka tsamo shi daga wuta."

Aka miƙa masa algaitar. Ya riƙe ta ya daɗe. Inna ta ce, "Kai yaron nan!" Ya ɗora algaitar a gwiwarsa ya danna, ba ta karye ba, itacen tsoho ne mai ƙarfi. Sai ya ajiye ta a ƙasa ya ɗauki gorarsa ya yi ta duka har ta tarwatse, bakin ƙarfen ya yi tsalle gefe. Sauran suka yi kabbara. Aka tilasta wa Kawu durƙusawa, aka ce ya maimaita kalmar shahada kamar wanda yau ya musulunta. Mutumin da ya koya wa Yaya Fatiha. Ya maimaita, muryarsa ba ta rawa. Aka ce ya ce ya tuba. Ya ƙi. Malamin ya sa aka yi masa bulala goma a kan rigarsa, kuma Yaya ne ya riƙe masa hannuwa.

Ana cikin haka ruwan ya iso. Babu wanda ya lura sai da ya jiƙa gwiwoyin Kawu. Masu ɗamara suka hau gaɓa don kada wandunansu su jiƙe. Ni da Inna muka ɗaga shi muka kai shi gida.

Bulama da ya dawo ya ga abin ya wuce a yi shiru, ya kai ƙara birni. Bayan kwana biyu mota ta zo aka tafi da malamin da mutum uku, har da Yaya. Aka ce duk wanda ya gani ya zo ya ba da shaida. Babu wanda ya je. Kowane gida yana da ɗa ko ƙane ko suruki a cikin masu ɗamara. Kawu da kansa, da aka tambaye shi, ya ce faɗuwa ya yi a bakin kogi. Sai bulama ya aiko a kira ni, ya ce ni ce ƴar lakwal, ina jin Faransanci, zan iya faɗin abin da ya faru ba tare da tafinta ba.

Na shirya zan tafi, Inna ta tsaya a bakin ɗaki.

"Idan kika faɗa, ɗaure shi za a yi."

"Inna, wanki ne fa aka daka."

"Na sani. Ina wurin. Wana ne, shi kuma ɗana ne. Wanne kike so in yar?"

Na tafi buro. Aka zaunar da ni gaban wani mutum mai injin rubutu, ya tambaye ni abin da na gani. Na ce ina nesa, mutane sun tare mini, ban ga komai ba. Ya dube ni ya daɗe, ya buga abin da na faɗa, ya nuna mini inda zan sa hannu. Kwana huɗu aka sako su. Ƴan'uwansu suka tarye su tun daga bakin hanya da kabbara, kuma a makon nan samari goma sha suka ɗaura koren ƙyalle.

Kawu bai ƙara kwana da yawa a garin ba. Da aka gama dashen tattasai ya bar wa Inna garkarsa, ya kwashi iyalinsa ya koma Baruwa, wajen Bosso, inda wani abokinsa yake bandar kifi. Bai yi sallama da kowa ba sai mu. Na je wurinsa sau ɗaya, shekarar da na gama kwalej. Na same shi ya rame, hayaƙin banda ya cinye masa ido, kumatun nan sun zube. Na ce masa akwai mai sassaƙa a Diffa, zan sa a yi masa wata algaitar. Ya girgiza kai.

"Wa zan busa wa, ƴata?"

Na faɗa masa abin da na daɗe ina ɗauke da shi, cewa na yi ƙarya a buro. Ya ce ya sani, shi ma ai ya yi. Ya juya kifin da ke kan waya, ya tambaye ni ko yayana yana cin abinci da kyau, domin tun yana yaro ba ya son miyar kuka, kuma ya ji ita suke dafawa a rumfarsu kullum.

Bayan shekara biyu ya rasu, ciwon ƙirji. Da saƙo ya iso Inna ta aika a kira Yaya su tafi tare. Ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ce malam ya hana, wanda ya mutu bai tuba ba ba a yi masa salla. Inna tana ɗaure kayanta ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi ya ciyar da kai." Ya ce ya sani. Ta ce, "To fita mini." Ya fita. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba, amma kullum sai ta zuba tuwo a akushi ta ba matarsa ta kai masa, domin a lokacin ya yi aure, malaminsu ya haɗa shi da ƙanwar wani mai ɗamara ɗan'uwansu, yarinya mai haƙuri, har sun sami ɗa.

Shekarun dubu biyu suka shigo, ni na zama malamar lakwal a Diffa. Masu ɗamara suka fara cin junansu. Wasu suka ce malamin ya yi sanyi, wasu suka ce ya wuce gona da iri. Aka yi faɗa a rumfarsu har aka fasa wa wani kai. Daga ƙarshe malamin ya ce garin nan ba zai shiryu ba, mutanensa munafukai ne, za su yi hijira su kafa nasu wuri a daji, inda babu hukuma sai ta Allah. Duk wanda ya rantse dole ya bi.

Yaya ya zo ya same ni a lakwal, lokacin da yara suka fita shan iska. Ban gane shi da farko ba, gemu ya rufe masa fuska, ya tsufa fiye da shekarunsa. Muka tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ya ce gobe za su tafi, ya zo ya bar mini amanar Inna da matarsa da yaron, kafin ya aiko a ɗauke su.

Na ce, "Kada ka tafi. Garkar Kawu tana nan, babu mai noma ta. Ka kwance abin nan ka dawo gida. Wasu sun kwance, babu abin da ya same su."

Ya dubi yaran da ke guje-guje. Sannan ya ce, "Su ba su yi abin da na yi ba."

"Kawu ya yafe maka. Ni ya faɗa wa, tambayata yake ko kana cin abinci."

"Kada ki faɗa mini wannan." Muryarsa ta canza. "Ki gane. Idan malam yana kan gaskiya, to na yi abin da Allah ya ce. Idan na ce ba ya kan gaskiya, to me na yi wa Kawu? Me zan kira shi? Da wace fuska zan zauna a garkarsa?"

Har yau ina neman abin da ya kamata in ce masa. Aka buga ƙararrawa, yara suka fara shiga aji, ya ce in gaida Inna, ya juya ya tafi.

Su ashirin da wani abu suka ƙetare. Na zaci da tafiyarsu gari zai koma yadda yake. Bai koma ba. Babu mai gora a bakin kasuwa, amma kowa yana duban bayansa kafin ya yi dariya da ƙarfi. Ƴanmatan da suka taso ba su san waƙoƙin garka ba, tsofaffin da suka sani suna jin kunyar farawa. Masallaci ya rabu biyu bai sake haɗuwa ba. Iyalan waɗanda suka tafi da iyalan waɗanda aka daka suna gaisawa a hanya, iyakarta ke nan.

Shekarar farko ya aiko da saƙon baki sau biyu, yana lafiya, a yi haƙuri. Daga nan shiru. Wani direba ya ce ya gan shi a wata kasuwa can ƙetare. Wani ya ce an yi rikici da hukumar can, an kashe wasu, an kama wasu, sauran sun watse. Na bi duk inda aka kwatanta mini, na tambayi ƴan kifi da ƴan tattasai da masu shanu, babu wanda ya ba ni magana tsayayya.

Da aka shekara biyar, iyayen matarsa suka zo suka ce yarinya ba za ta ƙare rayuwarta a haka ba, ba ta da miji kuma ba ta fita daga aure ba. Gaskiya suka faɗa. Aka ce sai an je gaban alƙali a Diffa, kuma sai wani daga dangin mijin ya tabbatar da ɓatansa. Na ce ni zan je. Inna ta ce a'a, ita ta haife shi.

Muka shiga mota tare, ni da ita da surukarta. Inna ba ta taɓa shiga irin wurin ba, ta cire takalmanta tun daga waje. Alƙalin dattijo ne, ya yi mata magana da Barbarci don ta sake. Ya tambaye ta sunan ɗanta. Ta dube ni. Zan faɗa, alƙalin ya ce ita ake tambaya. A ranar na fara jin sunan Yaya a bakinta, ta faɗe shi a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe. Ya tambaye ta ko ta san inda yake, ta ce ba ta sani ba. Ko yana raye, ta ce Allah ne ya sani. Ko tana da wani dalili da zai sa a ci gaba da tsare yarinyar nan. Ta juya ta dubi surukarta, wadda take ta kuka cikin mayafi, ta ce, "Babu. Ta yi mini biyayya. A sake ta."

Aka rubuta, aka shafa mata tawada a babban yatsa ta dangwala. Da muka fito rana ta take. Surukar ta durƙusa ta kama ƙafafunta, Inna ta ɗaga ta ta ce ta je, Allah ya ba ta na zama, yaron kuma ya zauna wurinta har ya yi wayo. Iyayenta suka tafi da ita. Na ce wa Inna ta kwana wurina ta huta, ta ce a'a, ta bar awaki ba ruwa. Na raka ta tasha. Muka zauna kan benci muna jiran mota ta cika, tana ta goge yatsan da bakin zanenta, tawadar ba ta fita ba.